Kwanci, Gurbi da Abin da Aka Bari a Ciki

Akwai wata tambaya da ta yawaita yanzu a bakin masu 'yan kaji a gida, musamman a birni: "Kazata tana ta saka ƙwai amma ta ƙi kwanci, me zan ba ta?" Ana yin ta a shagon maganin dabbobi, ana yin ta a kasuwar kaji, mata ma suna yi wa juna ita a gidan suna. Da za a kai wa kakanninmu wannan tambaya, da sun ce a maimaita musu. Su kukansu daban ne: kaza ta lafe a gurbi, an kwashe ƙwan tas amma ta ƙi tashi, sai an tsoma ta a ruwa ko an kife ta da kwando na 'yan kwanaki kafin ta haƙura ta koma yawonta. A da ana neman dabarar tayar da kaza daga kwanci, yau ana neman dabarar kwantar da ita. Wani abu ya faru da kazar a tsakani, kuma ina ganin wani abu ya faru da kalmomin da muka gada a kanta.

Hausa ba ta ce kaza tana gadin ƙwai ba, ba ta ce tana ɗumama shi ba, ko da yake duk tana yi. Ta ce tana kwanci. Kalmar 'yar ɗakin su kwana ce da kwanciya, kuma ɗaki ne mai 'ya'ya masu hali iri-iri. Akwai kwantai, kayan da aka kai kasuwa suka dawo gida ba a taya ba. Akwai kwanto, na maharbi ko na ɓauna, inda jiki ke ƙasa amma ido da kunne suna tsaye. Akwai kwanciyar asibiti da kowa ke gudu, da kwanciyar hankali da kowa ke nema. Sai kuma kwanci-tashi, wanda da shi muke auna wucewar lokaci, mu ce kwanci-tashi har yaro ya girma, kwanci-tashi har damina ta sauka. Kwancin kaza ya ɗebo daga kusan kowanne. Mai lissafin kuɗi yana ganinsa kwantai. Wanda ya taɓa miƙa hannu gurbin ya san akwai kwanto a ciki. Ni dai na fi jin sa kusa da kwanci-tashi, domin abin da kazar ke zubawa a kan ƙwan nan, ban da ɗumi, kwanaki ne, guda 21, kuma babu mai iya gajarta mata su.

Wanda bai taɓa kiwo ba zai ɗauka hutu take yi. To ya je ya tsuguna kusa da kazar da ta kwana uku a gurbi. Zai ga ta baje, ta yi faɗi har ta cika kaskon, wuya a noƙe, ido a buɗe. Ya miƙa hannu, gashin jikinta duk ya miƙe, jela ta buɗe, ta fara wani gurnani daga maƙogwaro wanda ba ta taɓa yi ba sa'ad da take tonon tsakar gida. Ya ƙara matsawa, ta kai masa sara, sara na gaske mai barin shaida. In ya daure ya zura hannu ƙarƙashinta zai ji ƙirjin babu gashi, fata ce tsirara mai zafi, domin gashin wurin ya zube, wani ma ita ta fige da bakinta, don fata ta haɗu da ɓawon ƙwai ba shamaki. Zafin jikin kaza yana kai maki 41 a ma'aunin Salshiyas, ƙwan kuma yana buƙatar wajen maki 37 da rabi, dare da rana. Tana sa baki tana jujjuya su sau da yawa a wuni, na gefe ya shigo tsakiya, na tsakiya ya koma gefe, saboda in ba a juya ba ɗan da ke ciki yakan manne wa fatar ɓawo ya mutu.

Galibi sau ɗaya take sauka a rana. Ta fito a kumbure tana ƙunƙuni, sauran kaji suna ba ta hanya. Ta yi kashi guda, babba mai wari, wanda ta riƙe tun jiya don kada ta ɓata gurbinta. Ta tsattsagi abin da ta samu a gurguje, ta sha ruwa, ta yi birgima a toka, kafin rabin sa'a ta koma. Kan sati uku ya cika ta rame, zankonta ya koɗe, in ka ɗaga ta sai ka ji ba nauyi. Wannan shi ne abin da muka sa wa sunan kwanciya.

A shekarun 1930 wani masani a Amurka, Oscar Riddle, tare da abokan aikinsa, suka ware wani sinadari da ke fitowa daga wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, suka sa masa suna furolaktin. A 1935 suka nuna cewa shi ne ke jefa kaza cikin halin kwanci. Abin da ya fi taɓa ni a wannan bincike shi ne, sinadarin nan shi ne dai ke kawo ruwan nono ga mace mai jego, da saniya, da akuya, shi ne kuma ke sa tantabara ta haɗa farin abincin nan da take ɗura wa 'yan shilarta daga maƙoshi. Ashe kaza mai kwanci mai jego ce tun ba a ga ɗa ba. In ya yi yawa a jininta sai saka ƙwai ya tsaya, cin abinci ya ragu, gurbi ya zame mata duniya. Abin da ke riƙe shi a sama kuwa shi ne zaman gurbin da taɓawar ƙwai a ƙirjinta. Shi ya sa in aka raba ta da wurin na 'yan kwanaki sai ya sauka, ta koma kyarkyara. Aikin da kwandon kakanninmu ke yi ke nan, ko da ba su san sunan sinadarin ba.

To me ya sa kazar birni ta ƙi? Sau da yawa ba ƙi ta yi ba, cire mata abin aka yi tun daga kakanninta. Kazar gida irin tamu takan saka ƙwai 10 zuwa 15 ta tsaya, ta yi kwanci sati uku, ta yi reno wata biyu ko fiye, sannan ta sake farawa. Sau uku ko huɗu ke nan a shekara, in an haɗa ƙwai 40 zuwa 60. Kazar gidan gona kuwa tana kusantar 300. Tazarar da ke tsakani, babban ɓangarenta kwanakin kwanci da reno ne aka mayar kwanakin saka ƙwai. Masu gyaran iri a Turai da Amurka sun ɗauki kaji irin su Leghorn, wadda ta samo sunanta daga Livorno, wani gari mai tashar jiragen ruwa a Italiya, wadda dama ba ta cika kwanci ba, suka riƙa ware duk wadda ta kwanta suna ajiye 'ya'yan wadda ba ta kwanta ba, zuriya bayan zuriya, har halin ya kusa ɓacewa. Jajayen kajin ƙwai da suka cika gidajen gonarmu, irin su ISA Brown, da Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, duk don ƙwai aka gyara su, kuma jefi-jefi ne za ka ga wata ta yi kwanci a cikinsu. Mutum ya sayi tsohuwar kazar gidan gona da araha bayan an gama cin moriyarta, ya kawo gida ya haɗa ta da zakara, ya zauna jiran 'yan tsaki. Zai daɗe yana jira. Babu ƙwaya ko garin magani a shago da zai mayar mata da abin da ba ta gada ba, kuma duk wanda ya sayar masa da wani abu da wannan sunan ya cuce shi.

Ba na cikin masu tsine wa injin ƙyanƙyasa. Tunanin ma ba sabo ba ne. Mutanen Misira sun yi ɗaruruwan shekaru suna gina ɗakunan ƙyanƙyasa na tubalin laka, suna hura musu wuta da kashin dabbobi da ƙaiƙayi, suna zuba ƙwai dubbai, mai aikin yana ɗora ƙwai a fatar idonsa don ya ji ko zafin ya yi daidai. Wani masanin Faransa, Réaumur, ya wallafa littafi a 1749 yana ƙoƙarin kwaikwayon wannan dabara. Wajen 1879 Lyman Byce ya ƙera injinsa a garin Petaluma na Kalifoniya, garin kuma ya bunƙasa da kiwon kaji. Ba don waɗannan ba, da mai shayi a Kano bai sami ƙwan da zai soya kowace safiya ba, da ƙwai yana nan abincin mai hali. Hikimar halitta ma ta taimaki harkar: kafin ɗan tsako ya fito yakan janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, ta riƙe shi har kusan kwana uku ba ci ba sha. An yi masa wannan guzuri ne don ya jira ƙannensa su fito a ƙarƙashin uwa, sai ga shi da shi ake loda 'yan kwana ɗaya a kwali daga Ibadan, su kwana a mota su iso Arewa da rai.

Sai dai ɗan tsakon kwali yana zuwa ne ba uwa. Kai ne za ka zame masa ita: ka nemo gawayi ko fitila ko ƙwan lantarki, ka kwana kana dubawa, ka sayi abincin buhu. In ya girma ya ƙare, ka koma ka sake saye. Matar karkara mai kaji biyar ba ta cikin wannan lissafi. Jarinta yana haihuwar kansa ne, kuma ƙofar da yake bi guda ce, ƙirjin kaza. Ranar da kwanci ya fita daga kajinta, ta tashi daga mai kiwo ta koma mai saye. Shi ya sa nake ɗaukar maganar da muhimmanci fiye da yadda girman kaza zai nuna.

Wanda kazarsa ta gaji kwanci, shi ne ke da abin yi, kuma abin yin duka yana cikin kalma ɗaya, gurbi. Yaron da ya tashi a birni yau ya san gurbi sarai. Ya san gurbin karatu a jami'a, ya san gurbin aiki, ya ji a rediyo za a yi zaɓen cike gurbi, wane ya maye gurbin wane. A duk waɗannan, gurbi wuri ne da ba kowa, ana rububin shiga. Gurbin kaza ba haka yake ba. Ɗan kwarmi ne da ta fafe da ƙafa ta daidaita da ƙirji, a bayan randa, ko ƙarƙashin rumbu, ko cikin fasasshiyar tukunya, wurin da ya ɗauki siffar mai shi. Ba a cike shi da kowace kaza. Ita ta zaɓa, kuma in ka ɗauke ta da rana tsaka ka kai ta wani wurin da kai kake gani ya fi kyau, sau da yawa sai ta bar ƙwan ta koma ta kwanta a tsohon wurinta a kan ƙasa tsura.

Abin da take nema kaɗan ne: duhu-duhu, shiru, inuwa, da wurin da yara da awaki ba sa bi. A zuba yashi a ƙasa, a ɗan barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi; wasu suna haɗawa da ganyen darbejiya saboda ƙwari. Sannan a bar mata ƙwai. Nan ne wahalar take. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma gidan da yara ke jiran kalaci ya san gaskiyar wannan magana. Amma kazar da kullum ta dawo ta tarar an share gurbinta za ta ci gaba da sakawa ne kawai, ko ta je ta ɓoye a bayan gida inda gafiya da muzuru ke jira. Masu dabara sukan raba abin biyu. Su bar mata uku ko huɗu da suka yi wa alama da gawayi, don ta riƙa jin su a ƙirji, waɗanda ake son ƙyanƙyashewa kuma su kwashe su kullum su ajiye a tukunyar ƙasa a wuri mai sanyi, ba tare da an wanke su ba, domin wanki yana cire wani siririn rufi da ke kare ƙofofin ɓawo daga ƙwayoyin cuta. Kada su wuce mako guda ko kwana 10 a ajiye. In kazar ta kwana biyu ko uku a gurbi ba ta hau wurin kwananta ba, ta tabbata da gaske take. Sai a zo da dare, a zare na gawayin, a tura mata sababbin, daidai abin da jikinta zai rufe. Ga ƙaramar kazar Hausa, 8 zuwa 12 sun isa.

Na taɓa ganin wata tsohuwa a unguwarmu tana nuna wa matar ɗanta wannan aiki. Yarinyar ta tara ƙwai cikin ƙwarya tana son a zuba duka. Tsohuwar ta tura tara, ta tsaya, ta haska fitila ta leƙa gefen fikafikan.

"Inna, saura shida fa," in ji yarinyar.

"Ke 'yar nan, duba nan. Kin ga wannan da ke leƙowa? Ta cika ke nan. In kika ƙara, yau wannan zai kwana a waje, gobe ta juya wani ya kwana a waje, kafin sati uku kowa ya sha sanyi. Je ki soya wa yara sauran."

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ƙwai yakan fara rayuwa tun yana ajiye, ya fara ya tsaya, ya mutu kafin kazar ta hau. Da ruwa ya sauka, ƙasa ta yi sanyi, ƙwari da tsirrai suka fito, sai ka ga kaji sun shiga kwanci ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya roƙe su. A daminar ce kuma zabi ke saka nasu, kuma a nan ake ganin darajar kaza mai kwanci fiye da ko'ina. Zabuwar gida ba abin dogaro ba ce wajen kwanci da reno. Ko ta ƙyanƙyashe, takan ja 'ya'yan cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa har su ƙare. Saboda haka ake ɗebo ƙwanta a sa wa kaza. Ƙwan zabi yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar da muka fi sani a gidajenmu har 35, kuma kazar kirki takan zauna ta cika su duka. Mai son haɗa na zabi da na kaza a gurbi ɗaya sai ya ba na zabin ratar mako guda, don su fito tare. Garken zabin da ake gani a ƙauyuka, da yawansu kaza ce ta ƙyanƙyashe su ta rene su. Ba ta tambayar ƙwan na wane ne, abin da ya shiga ƙarƙashin ƙirjinta ya zama nata.

Akwai wata kalma da ta fito daga wannan gurbi ta yi tafiya mai nisa fiye da sauran, ita ce baragurbi. Yau ba a raba ta da jawabin shugabanni da kanun labarai: za a tsame baragurbi daga cikin 'yan sanda, akwai baragurbi a cikin ma'aikata, baragurbin matasa ne suka tayar da fitina. Duk mai jin Hausa ya san ana nufin mutumin banza mai ɓata sunan sauran. Amma kaɗan ne cikin masu faɗarta suka taɓa riƙe baragurbi a hannu. Kunne yana jin bari da gurbi a cikin kalmar, kuma abin da take nufi ke nan tun asali: ƙwan da kaza ta tashi da 'ya'yanta ta bar shi a baya bai fashe ba.

Gaskiya ne yana da haɗari. Ruɓaɓɓen ƙwai yakan tara iska a ciki, ya fashe a ƙarƙashin kaza, ya shafa wa masu rai ƙazanta, warinsa kuma ba a mantawa. Cire shi wajibi ne, kuma da wuri ya fi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ga fitilar waya a hannun kowa yanzu. Tsakanin kwana na 7 da na 10, da dare, ka ɗauki ƙwai ka shiga ɗaki mai duhu, ka dunƙule hannu a kan fitilar ka ɗora shi ta wajen faffaɗan kansa. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sirara sun bazu daga wani ɗigo baƙi, in ka yi haƙuri sai ka ga ɗigon ya motsa da kansa. Ido ne da zuciya, zuciyar da ta fara bugawa tun wajen kwana na biyu. Wani ƙwan za ka gan shi fes, haske na ratsa shi, babu komai sai inuwar gwaiduwa. Wani kuma za ka ga zobe ja guda ya kewaye shi, jinin ɗan da ya fara ya mutu.

Duk waɗanda ba su yi ba, suna ɗaya muke ba su a ƙarshe, amma labarinsu ba ɗaya ba ne, kuma tsofaffin mata masu kiwo sun san haka. Shi ya sa sukan ɗauki abin da aka bari su je bayan gida su fasa su duba, duk da warin. In fes yake, ba laifin kaza ba ne ko na ƙwai. Zakara ne babu, ko ya tsufa, ko kajin sun yi masa yawa. In ya fara ya mutu da wuri, a binciki inda aka ajiye shi da kwanakin da ya yi. In aka tarar da cikakken ɗan tsako da gashinsa a mace, to sanyi ya sha a ƙarshe, wataƙila ƙuma ce ta addabi uwar har ta riƙa tashi, wataƙila an cika mata ƙwai fiye da ƙarfinta. Akwai kuma na huɗu, wanda ya fi tsaya mini a rai. Wata kazar ce ta kutsa gurbin bayan an yi mako da fara kwanci ta saka nata ta fita, mai gida bai yi wa na farkon alama ba balle ya gane baƙon. Ranar ƙyanƙyasa 'yan'uwansa suka fito, uwar ta jira kwana ɗaya ko biyu, yunwa ta fara kama waɗanda suka fito, dole ta tashi da su. Shi kuwa lafiyarsa ƙalau, saura masa mako guda kawai. Ya huce a gurbi ya mutu, gobe a ce masa baragurbi.

Ba ina cewa a daina kiran mugu da sunansa ba ne. Wanda ya ci amanar aikinsa ya cancanci a tsame shi. Abin da nake gani shi ne, da kalmar ta bar tsakar gida ta hau mumbari, ta tafi da hukuncin ta baro binciken. Matar da ta fasa ƙwan ba don ta zage shi ta fasa ba. So take ta san abin da za ta gyara kafin kwanci na gaba, kuma sau da yawa amsar tana komawa ne ga hannun da ya shirya gurbin. Idan muka kira yaron unguwa da wannan suna, yaron da ya gama sakandare ya rasa gurbin karatu ya rasa gurbin aiki, ya kamata mu san kalmar da muka ɗauko tana ɗauke da wata tambaya a cikinta: wa ya bar shi, kuma a wane mataki?

Ƙyanƙyasa ma tana da nata abin dubawa. Muna cewa kaza ta ƙyanƙyashe, sai ka ce ita ke fasa ɓawon. Ba ita ba ce. A kwana na 19 ko na 20 ɗan tsakon yakan huda cikin 'yar iskar da ke faffaɗan kan ƙwai ya fara numfashi, daga nan sai ya fara kuka yana ciki. In ka kara ƙwan a kunne za ka ji shi. Uwar tana ji, tana amsa masa da wata murya ƙasa-ƙasa, ta daina sauka ko cin abinci. Da wani ɗan ƙaramin tsini a kan bakinsa, wanda zai faɗi bayan 'yan kwanaki, yake huda ɓawon, ya huta sa'o'i masu yawa, sannan ya bi shi da sara yana juyawa har murfin ya ɓalle. Mai gaggawa yakan sa farce ya taya shi, ya tsinka jijiyoyin da ba su gama janye jininsu ba, ɗan ya zubar da jini ya mutu. Duk da haka Hausa ba ta yi kuskure da ta ba kaza aikin ba. Ɗan tsakon da ya fito a ƙarƙashinta ya riga ya san muryarta, ya san kiran abinci ya san na gargaɗi, kuma ranar da inuwar shirwa ta gifta, wannan sanin ne zai sa ya ruga ƙarƙashin fiffike ko ya lafe a ƙasa.

Bayan nan sauran aikin na mai gida ne. Asarar 'yan tsaki ta fi yawa a makonnin farko, daga shirwa da shaho da ruwan sama da kwatami. Babban kwando ko ɗan keɓaɓɓen wuri na wata guda, da tsaki da dusa da gara in an samu, da ruwa a kasko marar zurfi da aka jefa wa tsakuwa don kada su nutse, yakan sa kaza ta yaye takwas maimakon uku.

Sai kuma zaɓen wadda za a bari. Kwanci gado ne, kuma kamar yadda aka fitar da shi daga kajin gidan gona ta hanyar zaɓe, haka yake fita daga tsakar gida ba tare da an lura ba. In buƙata ta taso, ko baƙo ya zo, ko Sallah ta matso, hannu yakan tafi ne kan kazar da ba ta saka ƙwai a lokacin, wato wadda ta gama reno ta rame, a bar masu ƙiba da ba su taɓa kwanciya a kan komai ba. Sannan a kawo ƙaton zakaran gidan gona don a gyara iri, 'ya'yansa mata su fi girma su fi ƙwai, da yawansu kuma su zama masu fara kwanci su watsar a kwana na goma. Gidan da ke son ci gaba da ƙyanƙyasar kansa sai ya san kajinsa ɗaya-ɗaya: wacce ce ke cika kwanakinta, nawa take fitarwa, nawa take yayewa. Ita ce ba a sayarwa ko ta tsufa. 'Ya'yanta mata ake ajiyewa, zakara kuma a musanyo daga gidan maƙwabta inda aka san uwarsa ma mai kwanci ce, domin halin yana bin jinin uba kamar yadda yake bin na uwa.